Tayoyin Motar Habibu Sun Gaji da Jira

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Malam Sule daga Kafin Dafga.

Bara ɗana Habibu ya sayi sabuwar mota, ya bar mini ita, ya koma wurin aikinsa a Fatakwal. Ya ce, "Baba, ka riƙa hawa." Ni kuwa na kasa. Sai ranar Juma'a nake kai ta masallacin Karaye in dawo, don ina so ya same ta yadda ya bar ta. Duk safiyar da kewarsa ta dame ni, sai in ɗauki tsumma da kananzir in goge tayoyin har su yi ƙyalli.

Makon jiya na ga duka huɗun sun tsattsage. Mai faci ya duba ya ce, "Baba, kananzir da zaman rana ne suka cinye su. Mota ba ta son ajiya."

To jama'a, ku ba ni shawara: in canja su yanzu, ko in bari sai ya zo?

Habibu, in kana saurare, mahaifiyarka tana gaishe ka. Tayoyi ma sun gaji da jiranka, balle mu.