Wa Ke Riƙe da Gida?

A ɗakin jiran wani ofis a unguwar Hindawiyya da ke ƙasa mai tsarki, Kausar tana cike takardar tallafin iyali, sai wata dattijuwa ta leƙo.

"'Yata, wa kika rubuta mai riƙe da gida?"

"Maigidana, Hajiya."

"Masha Allah. Me yake yi?"

"Dako a Mina, lokacin Hajji."

"Kwana biyar a shekara! Allah ya ba shi lafiya, yana shan wahala. Sauran watannin fa?"

Kausar ta sunkuyar da kai. "Ina ɗinki."

"Halas, shi ke nan, kuɗin tallafin a asusunsa za su faɗa. Ki ƙaro zare."

Abin ya ƙona mata rai. "To ke wa kika rubuta?"

"Nawa gwanin mana. Shekara uku ke nan ina zarya a cire shi."

Kausar ta ɗaga alƙalaminta daga wurin sa hannu.