Babur Ɗin da Ba Ya Sallama

Mai girma shugaban taro, Alhaji Ishiyaku, masu unguwanni da malamanmu, baƙinmu da suka kawo mana babur mai caji, 'yan'uwana 'yan acaɓa na Birnin Kudu da Gwaram, assalamu alaikum.

Na gode da kuka ba ni dama, ni Dogara, tsohonku a sana'ar nan, in yi magana kafin kowa ya ce zai saya ko ba zai saya ba.

Baƙinmu sun yi bayani, ban kuma kama su da ƙarya ba. Ba ya shan fetur, ba ya hayaƙi, ba ya neman baƙin mai. Hankalina ya yarda, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ga taku ma haka, don tun safe kuke zagaya shi, babu wanda ya taɓa.

Tsoro na farko namu ne duka: ka ɗauko mai naƙuda daga Zandam, caji ya ƙare a tsakiyar gonaki. Fetur ko a kwalba ka samu. Wuta fa, wa zai ara maka?

Na biyu nawa ne. Na fara hawa babur tun zamanin da muke wanke hannu da fetur saboda arha, kuma duk shekarun nan da ƙararsa mai ɗakina Mairama take sanin na dawo. Yanzu idanunta sun tafi, kunnen kaɗai ya rage mata. Shekaranjiya aka ba ni wannan in gwada, na tafi da shi garinmu Unguwar Ya da la'asar, na shiga da shi har tsakar gida. Tana zaune a tabarma, ta karkata kai wajen hanya. Da ta ji motsi ta ɗauka ɗanmu ne, ta ce, "Ƙasimu, leƙa titi. Har yanzu ban ji Malam ba, gabana sai faɗuwa yake."

Jama'a, ina tsaye a gabanta! Wallahi babur ɗin nan ko ƙara ba ya yi.

Saboda haka, baƙinmu, kada ku ɗauki jinkirinmu jahilci. Kowannenmu akwai mai jiransa a gida, kuma da shi ake cinikin nan.

Ni dai zan saya, domin fetur ya fi ƙarfina, amma da tsoro zan saya. Zan ɗaura masa ƙararrawar tsohon kekena, wadda Mairama ta fara sanina da ita tun tana amarya, in riƙa kaɗawa tun daga bakin gari.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya kiyaye hanya. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya sa mai jiransa ya ji shi.

Na gode.