Gyambon Yaya Ya Koma Daji

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shirin lafiya, barka da aiki. Ni ne Sale, manomi daga Turawa ta Karaye. A tsorace nake rubuto maka.

Shekara tara ke nan fartanya ta sari yayana Habu a ƙwauri, wurin ya zama gyambo. Duk sanda ya kumbura sai mu kira wanzami ya yi masa sakiya. Da ya fara tsiro yana wari, tsofaffi suka ce, "Kada ku kai shi asibiti, daji ba ya son allura." Muka biye musu.

Sai bana muka kai shi Kano. Likita ya ce kumburin da ya daɗe bai warke ba ne ya gajiyar da garkuwar jikinsa, har naman wurin ya rikiɗe ya zama daji. Ranar Talata aka yanke ƙafar.

Malam, ni ma akwai miki a idon sawuna, damina biyu ya ƙi rufewa. Ban gaya wa kowa ba, ko maiɗakina. Don Allah a tambayar mini likitanku: in na taho asibiti gobe, ban makara ba?