Azumin Hidaya

A tashar Tsibiri, Indo na jiran motar Maraɗi da ƙullin kaya a cinya. Wata dattijuwa a gefenta ta tambaye ta ko na sayarwa ne.

"A'a, Inna, rigunan ɗiyata Hidaya ne zan kai tela ya rage. Duk sun yi mata yawa."

"Ciwo take?"

"Lafiyarta lau, azumi ne. Da Litinin da Alhamis ta fara, yanzu kullum ne. Sa'anninta na yawon banza, tawa na ibada."

"Kin taɓa ganin shan ruwanta da idonki?"

"Ɗaki take shiga da kwanonta, kuma tas take fito da shi."

"Kuna da akuya a gidan?"

Indo ta ɓata rai. "Mi ya kawo akuya cikin maganar ibada?"

"Haka na riƙa yabon tawa ɗiyar. Ƙashi da rai, tana cewa ta yi ƙiba. Sai bayan an kai ta makwancinta na gane mai cinye tuwon. Ki bar tela, ki kai ta likita."

Ko jiya sai da maƙwabciya ta yaba yadda akuyar Indo ta yi ɓulɓul.