Ɗakin Ƙarƙashin Bene da Makullinsa

Shugaban kwamitin mazauna wannan gida, malam sakatare, dattawa maza da mata, maƙwabtana na sama da na ƙasa, assalamu alaikum.

Na gode da kuka ba ni minti biyar. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ranar da aka sallame ni ko minti ɗaya ba a ba ni ba.

Yau za ku kaɗa ƙuri'a a kan ɗakin nan na ƙarƙashin bene, inda nake ƙera wuƙaƙe ina saƙa igiya: ko a bar mini shi, ko a kwashe kayana a sa janareta. Magana uku gare ni.

Ta farko, ƙara. Gaskiya ne, magagari yana ƙara, guduma ma tana yi. Amma ina roƙon wanda ya rubuta ƙorafin ya fara sauraron janareta na yini guda, sannan ya zo mu gwada.

Ta biyu, an ce dattijo mai tara wuƙaƙe abin tsoro ne. Maƙwabciyata ta hawa na biyu, da me kike yanka albasa shekara huɗu ke nan? Ba wanda ya koya mini wannan aiki. A waya na gani, da tabarau biyu a hanci. Wuƙa tara na farko duk sun tsage, don ina tsoma ƙarfen da ya yi ja cikin ruwa, ban san cikin mai ake tsoma shi ba. Ta goma ta yi tauri, ta faɗi ƙasa ta karye, don ban mayar da ita wuta kaɗan ta huce fushinta ba. Marigayiya matata ta tsince guntayen ta ce, "Malam, wannan halinka ta ɗauko. Digiri biyu, ka ƙare a fasa ƙarfen mota." Washegari ita ta sayo mini igiyar laimar sauka daga jirgi, mai zare bakwai a ciki, ta ce in naɗe ƙota da ita, ko tafin hannuna ya huta.

Ta uku, ba ni da wani wurin. 'Ya'yana sun yi nisa, ɗalibaina sun zama manya, ba sa gane ni a hanya. A ɗakin nan kaɗai nake yin kuskure in ga inda yake, in gyara shi da hannuna. A sama kuwa kujera ce da bango.

Na gaji da roƙo, jama'a, na daɗe da gajiya. Ga makullin, na ajiye a gabanka, shugaba. In kun yanke a karɓa, ku karɓa. Amma saƙar da ke jikinsa ita ce ta farko da ta yi mini daidai, kuma matata ce ta riƙe mini bakin igiyar har na gama. Ku kwance ta ku mayar mini, kada ku yanka.

Allah Ya ba ku zama lafiya a gidan nan, Ya raya muku zuriya, Ya sa kada tsufanku ya dogara da ƙuri'ar kowa.

Na gode.