Likita Bai Sallame Ni Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ne Istifanus, mai ja muku kiɗan ganga, wanda wasunku suka gama yi wa ta'aziyya tun yana da rai.

Bara aka gano ina da kansar furostet, wato ɗan ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Likita ya zaunar da ni a asibitin Gwagwalada ya ce, "Baba, irin taka mai barci ce. Ba za mu yanka ba, ba za mu gasa ba. Za mu riƙa sa mata ido." Ya ce lokaci-lokaci za a gwada jini, a ɗauki hoto, in an ga wurin da ake shakka a tsakuro ɗan nama da allura a duba.

Na dawo Nyanya da murnata. Matata Rifkatu ta kira yayana Bulus a ƙauye ta ce masa ba za a yi aiki ba. Shi ke nan! Kun san yadda muke. In asibiti ya ce a koma gida ba magani, to an sallami mutum ke nan.

Zumuntar mata suka zo da kunu da waƙoƙin jana'iza. Ina zaune ina cin tuwona, wata baiwar Allah tana kallona tana share hawaye. Na ce, "Mama, lafiyata ƙalau." Ta juya ta ce wa Rifkatu, "Kin ji ƙarfin hali ko?" Haba jama'a! Na yi bayani har muryata ta dushe, ba mai saurare.

Sai ga Yaya Bulus da kansa, da motar haya, ana gobe za a yi mini gwajin allurar. Ya ce, "Tashi mu tafi gida. Ba za ka mutu a Abuja a sa mu wahalar ɗaukar gawa ba. Me za su ci gaba da tsattsaga ka a kai?"

Na ce, "Yaya, likita ya ce…"

Ya ce, "Likita ba zai faɗa maka a fuska ba."

Wannan maganar ta shige ni. Raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro ƙwarai. Kowa ya yarda na gama, ni kaɗai ne nake musu. Har Rifkatu ta fara ninke mini kaya.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na durƙusa. Addu'ata ba ta da tsari. Na ce, "Ubangiji, in ka gama da ni, faɗa mini da kanka. Na gaji da jin labarin mutuwata a bakin mutane!" Ban ji wata murya ba. Tsoron ne dai ya sauka daga ƙirjina. Na fito na ce, "Yaya, gobe motar nan Gwagwalada za ta." Tunda nake ban taɓa yi masa gardama ba sai ranar.

Likitoci sun riga sun ɗauke ni hoton MRI, ya nuna musu wani ɗan tabo. Hoton ne ya ja wa allurar gora har daidai wurin, ba lalube. Ta inda allurar ta bi kuwa, muna ɗakin Ubangiji, ba zan faɗa ba. Maza ku same ni a waje.

Da sakamako ya fito, likita ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba, ba ta motsa ba. Mu ci gaba da sa ido." Na ce Halleluya, har nas ta leƙo!

Cutar tana nan, kada wani ya fita ya ce na ce ta ɓace. Zan koma gwaji duk sanda aka kira ni. Amma Allah ya cece ni daga kwanciya jiran mutuwar da bai aiko ba.

Daga baya na ji ashe Yaya har ya sa an share mini wuri kusa da kabarin mahaifinmu. Na kira shi na ce damina ta kusa, ya shuka gyaɗa a wurin. Sai na ji yana kuka, dattijon da ko a jana'izar Baba bai zubar da hawaye ba.

Godiya ta tabbata ga Yesu. Ku dogara gare shi, ku je gwajinku, kuma don Allah in ɗan'uwa ya ce yana da rai, ku yarda da shi. Amin.