Jirgin Jidda da jarkar ruwa

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, gaisuwa daga layin 'yan hatsi na kasuwar Bukkuyum.

Don Allah, jirgin sama daga Kano zuwa Jidda awa nawa yake yi? Alhazanmu sun ce wanda ya tashi da hantsi yana sauka kafin magariba.

To, bara wani dillali ya zo garinmu, wai zai kai samari aikin shago a Jidda ta jirgi. Ƙanena Sani ya bi shi. Ranar tafiya na ga kowanensu da jarkar ruwa ɗinke cikin buhu, da garin rogo, da bargo.

Na ce wa dillalin, "Alhaji, jirgin naku turawa ake yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗan kasuwa ke nan. Guzurin jira ne a filin jirgi."

Na daɗe ina auna wa matafiya guzuri, irin wanga sai masu ƙetare hamada. An yi girbi, an sake shuka, ko saƙon baki ba mu samu daga Sani ba. Inna ta bar tambayata.

Shekaranjiya na hango mutumin a tashar Gummi yana saya wa wasu sabbin samari shayi. Har hannu ya ɗaga mini. Wurin wa zan kai maganar kafin motarsu ta cika?